Kwana Ukun da Ba Na Nan

Tambuwal, ranar Alhamis

Autata Hannatu,

Ina gaishe ki cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu, wanda ya raya ki har ya nuna mini wannan mako da idona. Allah ya tsare ki a hanyar da za ki bi ranar Litinin, ya tsare ki a inda za ki sauka, ya haɗa ki da mutanen kirki a wurin aikinki.

Za ki yi mamakin samun wasiƙa daga wadda ɗakinta ke kallon naki. Sau biyu na gwada faɗa miki da baki. Shekaranjiya muna tsinkar zogale a tsakar gida na buɗe baki zan fara, sai na ji kaina ina ce miki kada ki manta da bargo saboda sanyin Jos. Shi ya sa na ɗauki biro. Ba labarin gida zan ba ki ba, kin fi ni sanin abin da ke cikinsa. Kurakuraina zan jera miki, waɗanda na yi da sunan bin Allah, domin su ne suka fi ba ni kunya, kuma su ne nake tsoron ki gada.

Kin san na zo Kebbe ina amarya daga garinmu na ƙasar Zuru, lokacin da aka turo babanki aikin malamin asibiti. Kiristocin garin ba mu da yawa: mu biyu, da iyalan wasu malaman makaranta, da tsohuwa Kaka Laraba mai tuyar ƙosai. A zauren gidan ɗaya daga cikin malaman muke sujada ranar Lahadi. Na zo da keken ɗinkina, na kuma zo da tsoro cike da ciki, don an cika mini kunne tun a gida cewa mutanen nan ba sa son mu.

Katanga ɗaya ce ta raba mu da gidan Malam Buhari, malamin da magidanta ke ɗaukar karatu a zaurensa bayan la'asar. Matarsa ita ce wadda kika tashi kina kira Gwaggo Inno. Tun kwanan farko ta fara miƙo mini tuwon gero da miyar kuka ta inda katangar ta zube da damina. Ni kuwa in karɓa da fara'a, in yi godiya, in ta juya in zuba wa kaji. Ban san me nake tsoro a cikin tuwon ba, amma ina tsoro. Na yi kusan wata guda a haka. Wata rana da hantsi ina cikin juye kwanon, sai na ji muryarta a kaina.

"Amarya, kajin naki sun gode? In ba ki cin na gero ki faɗa min in yi miki na shinkafa. Amma kak ki bari in riƙa tuƙa ma kaji, hannuna na ciwo."

Dariya take yi. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Ranar na zauna a gabanta na cinye kwano guda, daga nan muka ƙulla.

Hannatu, kada ki ji tsoron mutum tun bai yi miki komai ba. Wanda ba ki iya cin abincin hannunsa ba, ba ki da bakin yi masa maganar Allah. Ku ma'aikatan jinya kowa zai zo hannunku, mai salla da mai zuwa majami'a da wanda bai san ko ɗaya ba. Ki fara da ganinsa mutum.

Kuskure na biyu ya fi wannan nauyi. Shekaru sun tafi, an haifi yayanki Luka, an haife ki, Inno ce ta yi mini wankan jego duka biyun. Ni kuma na zama babba a zumuntar matan yankinmu, ni ke ba da waƙa, ni ke tsara taro. An koya mana cewa kowace mace ta yi shaidar bangaskiyarta ga maƙwabta, kuma koyarwar gaskiya ce. Amma ni abin da ke raina shi ne in tashi a gaban mata in ce na yi.

Ana saura 'yan kwanaki salla, ɗakina cike da mata masu jiran ɗinki. Inno na zaune a bakin gado tana taya ni saka maɓalli. Mahaifinta bai cika kwana arba'in da rasuwa ba. Wata daga cikin matan ta tambaye ni cikin wasa, wai mu Kirista ina muke cewa matattu ke zuwa. Sai na ajiye almakashi na shiga wa'azi. Na yi ta magana kamar ina kan bagaden majami'a, muryata na hawa, har na kai ga cewa duk wanda ya mutu ba a kan hanyarmu ba ya hallaka, ko wane ne shi, ko uban wane ne. Ina faɗar wannan na ƙarshen ina kallon Inno.

Ta ninke rigar da ke hannunta a hankali, ta ajiye a kan keke.

"Saratu," ta ce, "ubana ne kika ma magana. Ƙasar kabarinai ba ta bushe ba."

Ta gyara mayafi ta fita. Matan suka bi ta ɗaya bayan ɗaya.

Da babanki ya dawo na ba shi labari ina jiran yabo. Ya gama wanke hannu a buta, sannan ya ɗago.

"Maman Luka, gaskiya kika je faɗa, ko nasara kika je nema? Ke kika ga zuciyar tsohon nan lokacin da ransa ke fita? Mu an ce mu ba da labarin Mai Ceto. Ba a ba mu kujerar shari'a ba."

Na yi fushi da shi. Na ce a raina ai wannan shi ne tsanani saboda bangaskiya, har na ba da shaida a kai a wurin taro mata suka tafa mini. Ban je na ba Inno haƙuri ba. Kusan shekara guda muka yi daga ina kwana sai ina wuni, kwanon tuwo ya daina tsallako katanga.

Ɗiyata, ni na gaskata har yau cewa a wurin Almasihu na sami ceto, kuma ba zan ɓoye wannan ga kowa ba. Amma magana mai kyau tana iya fita daga zuciya mai girman kai, in ta fita kuwa yanka take yi. Kafin ki buɗe baki a kan maganar Allah, ki tambayi kanki: wannan mutumin son sa nake yi, ko so nake in kayar da shi? In na biyun ne, ki rufe bakinki ki je ki yi addu'a.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na rubuta wasiƙar nan. An sha faɗa miki cewa kin yi ciwo mai tsanani kina shekara biyar, har aka ƙara miki jini a nan Tambuwal. Abin da ba a faɗa miki ba shi ne, ba na nan.

Tsakiyar damina ce. An shirya babban taron mata a Sakkwato na kwana uku, ni ce zan jagoranci waƙa, na yi wata biyu ina ɗinka mana anko. Babanki ya tafi ƙauyuka aikin rigakafi, Luka na wurin kakanninku. Da safen da za mu tafi na taɓa goshinki na ji zafi. Kika riƙe gefen zanena kika ce, "Mama, kaina." Na san zazzaɓi, matar malamin asibiti ce ni. Na tsaya da jaka a hannu, mota na yi mini oda a ƙofar gida. Sai na ce wa kaina aikin Allah ne, shi zai kula da ke. Na ba ki magani, na kai ki wurin Kaka Laraba, wadda kunnenta ya riga ya yi nauyi, idonta ma haka, na ɓamɓare yatsunki daga zanena na shiga mota.

Ba Allah ne ya sa na shiga motar nan ba. Ban so wata ta ba da waƙar da na shirya ba ne. Yau na rubuta shi da hannuna.

Washegari da rana jikinki ya rikice, kika fara sanƙarewa. Kaka Laraba ta ɗauko ki ta dawo gidanmu tana neman maganin babanki, ba ta iya karanta ko ɗaya ba, ta zauna a tsakar gida tana kururuwa. Inno ce ta ji ta bayan katanga. Matar da na wulakanta a gaban mata, wadda ba ta taka gidana ba kusan shekara, ta tsallako ta inda katangar ta zube ko takalmi babu. Ta sure ki sai asibitin garin, aka duba aka ce jininki ya yi ƙasa, sai an kai ki Tambuwal. Malam Buhari da kansa ya tashi daga cikin karatu ya kira ƙanensa mai mashin. Inno ta goya ki ta ɗaure da zane biyu, ta hau baya, suka bi hanyar nan cikin taɓo da yayyafi. Da aka nemi wanda zai ba da jini, nata aka gwada ya dace.

Lokacin babu wayar hannu a Kebbe. Ni ina can ina waƙa, ana ta yaba muryata. Sai ranar da muka dawo, ina sauka daga mota, wata mai tallar nono ta ce mini, "Ke ce uwar yarinyar da anka kai Tambuwal?"

Ban san yadda na iso asibitin ba. Na shiga ɗakin da ankon taro a jikina. Kina kwance kamar tsumma, an ɗaura miki ruwa, Inno na zaune a kan tabarma tana yi miki fifita da murfin kwano. Idonta ya faɗa don rashin barci. Ta dube ni, ta dubi ankon. Na jira ta zage ni, da ta zage ni ma da na ji sauƙi.

"Kin iso?" ta ce. "Zo ki zamna nan inda za ta gan ki in ta farka. Ke taka ta kira, ba ni ba."

Ta matsa ta ba ni wurin.

Babanki ya iso da la'asar, an bi shi ƙauye an faɗa masa. Bayan ya gan ki ya yi magana da likita, ya same ni a gindin dogon yaro a harabar asibitin ina kuka. Na ce masa Allah ba zai yafe mini ba. Na ce duk abin da na yi shekara da shekaru, azumi da taro da waƙa, ya zube, ba ni da abin da zan tsaya da shi a gabansa.

Ya zauna kusa da ni a kan saiwar itacen. Ya ce, "Da can da me kike tsayawa?"

Na ɗago na dube shi.

Ya ce, "Saratu, kin daɗe kina wahalar da kanki kina so Allah ya ce kin isa. Ba ki isa ba, ni ma ban isa ba. Da mun isa, me zai kai Almasihu kan gicciye? Ba macen da ke ba da waƙa ya mutu dominta ba. Wannan ce, wadda ta bar 'yarta ta tafi, wadda ke zaune nan. Ita ya sani tun farko, kuma ita yake so."

An yi mini baftisma tun ina budurwa, na haddace abin da ake haddacewa, na koyar da wasu. Amma ranar nan ce, a gindin itacen nan, na fara zuwa wurin Yesu hannu wofi. Na ce masa ga ni, ba ni da komai sai laifina. Ban ga wani haske ba, ban ji wata murya ba. Abin da na sani shi ne na tashi daga wurin kamar an sauke mini buhun gero daga ka. Kwana biyu bayan haka kika nemi koko.

Ki riƙe wannan fiye da duk abin da zan faɗa miki: ceto kyauta ne. Ba ya zuwa don yawan taro, ko don an san ki a majami'a, ko don ke 'yar Ishaya da Saratu ce. Ki yi hidima, ki yi waƙa, muryarki ta fi tawa. Amma duk ranar da hidima ta ce ki tsallake mutumin da Allah ya ajiye a gabanki, mara lafiya ne ko ɗanki ne ko maƙwabci, ki tsaya ki duba da kyau wa kike bauta wa. Ni na duba a makare.

Da aka sallame ki, na shiga gidan Malam na durƙusa a gaban Inno a tsakar gida, a gaban duk wanda ke nan, tunda a gaban mutane na ɓata mata. Na ce ta yafe mini maganar da na yi a kan mahaifinta. Ta kama ni ta ɗaga. Ta ce, "Ya wuce tun ranar da nig goya ɗiyar ga. Ba a goya ɗiya ana riƙe da uwatta a rai."

Za ki ɗauka daga nan na yi hankali. Saura ɗaya.

Bayan an dawo da babanki aiki Tambuwal muka taso, kin san wannan, kin kuma san ciwon da ya ɗauke shi kina aji uku na sakandare. Inno ta zo zaman makoki daga Kebbe ta yi mako guda a ɗakina, ita ke dafa wa baƙi abinci. Ranar da za ta koma, da hantsi, muna zaune mu biyu tana ɗaure kayanta, sai ta tsaya ta dube ni.

"Saratu, ina son in tambaye ki. Na ga mata da yawa sun rasa maza. Ke kina kuka, amma ba irin kukan wadda ta rasa komi ba. Mi ar riƙe da ke?"

Kin ga tambaya, daga bakin wadda ta fi kowa cancantar amsa. A da da ba a tambaye ni ba na yi ta zuba. Yanzu da aka tambaye ni da zuciya ɗaya, sai kunyar abin da na yi a baya ta kama ni, na ji tsoron kada in sake ɓata tsakaninmu. Na sunkuyar da kai na ce, "Haƙuri ne kawai, Inno."

Ta ce, "To." Ta ɗauki ƙullinta. Na ga a fuskarta ta san na rufe mata ƙofa.

Maganar nan ta hana ni sukuni har aka yi girbi. Ƙarya na yi mata, don ba haƙurina ba ne, ni na san iyakar haƙurina. Wata Asabar bayan an kai gero rumbu na hau kabu-kabu zuwa Kebbe. Na same ta tana sussuka. Na karɓi taɓarya ɗaya muka yi tare, sai da muka gaji muka zauna a inuwa na ce mata, "Kin yi mini tambaya ban ba ki amsa ba."

Ban yi wa'azi ba. Na ba ta labarin gindin dogon yaro, abin da babanki ya faɗa mini da abin da na faɗa wa Yesu. Na ce mata na gaskata ya mutu domin laifina ya kuma tashi, shi ya sa na san Ishaya bai ɓace mini ba, yana wurinsa, zan kuma same shi. Na ce wannan ne ke riƙe da ni, kuma da zan iya ba ta abu mafi daraja da nake da shi, shi zan ba ta.

Ta saurare ni har ƙarshe ba ta katse ni ba. Ta daɗe tana juya tsabar gero a tafin hannunta.

"Na jiya," ta ce. "Ni kan addinina nike, kin sani, kuma kansa nika fatan cikawa. Amma yau kin faɗa min kamar mai sona. Waccan rana kin faɗa min kamar mai jin haushina. Ba ɗaya ba ne."

Sai aka kira sallar azahar. Ta tashi ta yi alwala, ni kuma na ci gaba da sheƙe mata geron har ta idar.

Har yau Musulma ce, har yau ina yi mata addu'a kowace safiya da sunanta, ta kuma faɗa mini ita ma tana sa ni a tata. Juya zuciya ba aikina ba ne. Nawa shi ne in zauna kusa, in ƙaunaci mutum da gaske ko ya karɓa ko bai karɓa ba, in an tambaye ni kuma in faɗi gaskiya ba ragi. Kada ki cusa wa wanda bai nema ba, kada kuma ki ɓoye wa wanda ya nema. A bakin gadon marasa lafiya za a tambaye ki fiye da yadda kike zato. Ki ba da labarin abin da Yesu ya yi miki ke kanki, shi ne ba mai iya musa miki.

A nan kin tashi cikin 'yan kaɗan, kowa ya san ke Kirista ce tun daga sunan babanki, wannan ya sa kika riƙe abinki da kyau. Inda za ki majami'u sun yi yawa, ba wanda zai kalle ki sau biyu. A irin wurin nan ne bangaskiya ke zama al'ada mutum bai sani ba. Ki nemi jama'ar da ake koyar da Maganar Allah a cikinta ba wadda ta fi kiɗa ba. Ki ware lokacinki ke da Allah kafin ki fita aiki, ko kaɗan ne. In kin faɗi, kuma za ki faɗi, kada ki tsaya gyara kanki kafin ki koma wurinsa. Ki koma a yadda kike.

Sauran magana tsakanina da ke ce. Allah ya yafe mini tuntuni, babanki ya yafe, Inno ta yafe. Ke kaɗai ce ban taɓa roƙo ba, don na hana kowa ya faɗa miki. Na ji tsoron yadda za ki dube ni. Hannatu, na ɓamɓare hannunki daga zanena kina kirana. Ki yafe wa uwarki. Ba sai kin ce komai ba in kin fito daga ɗaki, ko zama kika yi kusa da ni zan gane.

Na yi magana da mai mota, jibi Asabar da safe za mu Kebbe ni da ke. Inno ta tsufa, ƙafa ta hana ta tafiya, kuma tun da ta ji kin sami aiki take aiko tambayar ranar tafiyarki. Kin sha gaishe ta a matsayin ƙawar mamarki. Wannan karon ina so ki durƙusa a gabanta kina sane da wadda kike gaisarwa.

Ubangiji ya kai ki lafiya, ya kau da mugun abu daga hanyarki. Ya ba hannunki sauƙi a kan marasa lafiya, ya ba bakinki taushi da gaskiya tare. Ya riƙe ki ranar da ni ba zan iya ba, ya kuma dawo mini da ke in gan ki da idona. Amin.

Mahaifiyarki mai ƙaunarki,
Saratu